Yatsan Kawu da na dangwala inda bai ce ba

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk wanda zai ba da lokacinsa ya karanta. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, kuma ina roƙon masu karatu kada a yi saurin yanke mini hukunci. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. In ya kai ƙarshe ya zaga, ba zan ce ya zalunce ni ba, domin babu zagin da zai yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don kwana huɗu suka rage mini.

Ni magidanci ne, ina zaune a wani ƙauye cikin komin ɗin Dogo-Dogo, wato ƙaramar hukumarmu. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta bi shi ina da shekara shida, sai yayanta ya ɗauke ni ya riƙe. Shi ne Kawun da zan yi ta ambata. Manomi ne mai 'yan shanunsa, mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. Ɗansa namiji guda ɗaya ne, zan kira shi Laminu duk da ba sunansa ba ke nan. Tabarma ɗaya muka kwana ni da Laminu, kwano ɗaya muka ci, ga mu taubasai, kullum cikin tsokanar juna, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Shi aka sa lakwal, wato makarantar boko, ni aka bar ni da sandar kiwo. Ya yi karatu a Magariya ya dawo mushe, wato malamin makaranta, yana koyarwa a cikin garin Dogo-Dogo, ni kuwa ina gida da gona da shanu. Ban taɓa cewa abin ya dame ni ba, ko a gaban matata, amma yau da nake faɗar gaskiya, ya dame ni. Da idon Kawu ya rufe, matarsa kuma ta riga ta rasu, ni na zama mai ja masa sanda zuwa masallaci, matata ce mai dafa masa, ni ne mai yanke masa farce. Auta yake ce mini, don ni ne autan ƙanwarsa.

Garinmu yana da wata al'ada tun ina yaro: ba ma rarraba ƙuri'a. In zaɓe ya matso, mai gari da dattawa su zauna gindin tsamiya, su duba wanda ya yi alkawarin abin da gari ya fi buƙata, su ce can za mu, kowa ya bi. Abin alfahari ne a wurinmu a ce biron zaɓen garinmu, wato rumfar da muke jefa ƙuri'a, ya fito dunƙule, ko ƙuri'a ɗaya ba ta ratse ba. A zaɓen komin na ƙarshe ruwa ne damuwarmu, rijiyarmu tana ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, mata da jakuna sai sun yi tafiya mai nisa. Sai wani Alhaji, shi ne shugaban kampan na babbar parti a yankinmu, ya zo ya ce garin da bironsa ya fito dunƙule shi za a fara haƙa wa foraj, wato rijiyar burtsatse. Dattawa suka ce an gama magana. Ni kuma na miƙe na ce zan yi musu aiki don Allah. Wallahi ko dala ba a ba ni ba, isansin moto, wato man babur, ma daga aljihuna yake fita. Ni ne liƙa takardu, ni ne bin gida-gida ina duba wanda bai karɓi kart ɗinsa na zaɓe ba, ni ne riƙe lasifika in an zo taro. Kuma abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutumin da duk rayuwarsa shanu kaɗai ke sauraronsa, yau ga manya suna kiransa a salula suna cewa yaya ake ciki a garinku? Kaina ya kumbura. Ni dama mutum ne mai baki, in na fara magana ban san inda ake tsayawa ba. A wani taro, gaban jama'a, na ce wa Alhaji biron garinmu a wuyana yake, in ƙuri'a ɗaya ta ratse ya zo ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwa. Aka yi ta tafi.

Kuma lokacin da nake wannan cika baki na san sarai Laminu ya tsaya neman konseye, wato kujerar kansila, a wata ƙaramar parti, shi da wasu abokansa malaman lakwal. Na sani. Kowa ya san ba za su kai labari ba, shi ma ya sani, ya ce dai a fara ganin sunansu. Da maganar ta iso gindin tsamiya, Kawu ya nemi a ba shi dama, ya ce wa mai gari a yi masa haƙuri, bai taɓa warewa daga gari ba tun da aka fara zaɓe, amma wannan karon ɗansa ya tsaya, ko shi kaɗai ne yatsansa na Laminu ne. Mai gari ya yi dariya ya ce ai wannan ba ta buƙatar neman izni, tsakanin uba da ɗa babu mai shiga. Kun ji ko? Gari ya yafe masa. Babu wanda ya ce in yi wani abu, babu wanda ya matsa mini, kada wani ya ce 'yan siyasa ne suka sa ni. Abin da ya faru kawai shi ne samarin garinmu suka sa ni gaba. In na wuce majalisa sai wani ya shafa haɓarsa, wani ya ce a tanadi reza. Alhaji ma da ya ji, ya kira ni yana dariya, ya ce ashe ƙuri'ar da za ta aske ni a gidana take kwana. Wasa suke yi, na san wasa ne, amma ni kamar ana zuba mini barkono a ido nake ji.

Ana gobe zaɓe Laminu ya kira ni da rana. Shi kart ɗinsa na Dogo-Dogo ne, can zai jefa, kuma zai wuni yana zagaya birorin da suke da wakilai, ba zai samu zuwa gida ba. Ya fara da tsokanar da muka saba, ya ce yaya babban ɗan kampan da ba a biya, sannan ya sassauta murya.

"Auta, ka san Baba ba zai yarda kowa ya shiga da shi ba sai kai. Alamarmu ita ce ta uku daga ƙasa. Na bar maka shi amana."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko bawana ne ai ba zan ci amanarsa ba. Muka yi dariya muka kashe. Wallahi tallahi a wannan lokacin ban ƙulla komai a raina ba.

Ranar zaɓe tun da sassafe nake kan moto, ina ɗauko tsofaffi da masu ciwon ƙafa daga rugage da gidajen gona ina kawo su lakwal, domin a cikin aji aka yi biron. Sai da hantsi ya yi na je ɗauko Kawu. Na tarar ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, har turare ya sa matata ta shafa masa. A hanya yana riƙe da kafaɗata yana ba ni labarin ranar da aka kai Laminu lakwal yana kuka, ya ce wa zai ce yaron nan ne yau ake liƙa sunansa a bango. Ranar da yake faɗa kuwa ni ma ina tuna ta, ina tsaye da sanda a bakin garke ina kallonsu. Muka shiga. Shugaban biron baƙo ne, wani mushe da aka turo daga wani gari, ya tambayi Kawu wa ya zaɓa ya shiga da shi bayan labule, tunda doka ta ba marar gani wannan dama. Kawu ya ce Auta mana, wa yake da shi. Aka ba mu takardar, guda ɗaya ce mai alamomin parti a jere, kowace da gidan da ake dangwala yatsa. Muka shiga bayan labule, daga ni sai shi sai Allah. Ya miƙo mini hannunsa ya ce a hankali, "Kai ni wurin na Laminu." Na kama yatsan na sa a tawada. Na ga alamar su Laminu, ta uku daga ƙasa, ina kallonta. Ta taga kuma ina jiyo muryar samarin nan suna wata dariya, wataƙila ma ba da ni suke ba. Sai kawai na ja hannun sama, na ɗora a gidan partinmu. Kawu ya yi bisimilla, ya danna da ƙarfinsa duka, ya ce Allah ya ba yaron nan sa'a. Ya tambaye ni ko ya fito da kyau. Na ce ya fito, Kawu. Shi ya ninke takardar da hannunsa, shi ya laluba bakin akwatin ya jefa.

Me ya shiga kaina? Shekara huɗu ina yi wa kaina wannan tambaya. Gemun ne? Ruwan ne? Ko kuwa tsohon haushin lakwal ne da na daɗe ina dannewa? In na ce don ruwa na yi, na yi ƙarya, domin ko a lokacin na san ƙuri'ar makaho ɗaya ba za ta hana gari foraj ba. Abin da ya fi ba ni kunya, na fito na ci gaba da aikina ina raha da mutane, Kawu kuma ya zauna a inuwa yana nuna wa duk wanda ya zo gaishe shi yatsansa mai tawada. Kuma dubi wautata: ina ta murnar biro zai fito dunƙule, ban tsaya na tuna cewa dunƙulewar ce za ta nuna wa duniya cewa ƙuri'ar Kawu ba ta je inda ya ce ba.

Da aka rufe da yamma aka fara ƙirga a gaban kowa, mutane sun cika tagogi. Mushen yana buɗe takarda ɗaya-ɗaya yana ɗagawa, wani yana ja da alli a allo. Kowa yana jiran guda ɗayar nan ta fito a yi dariya a shafa mini haɓa. Aka zo ƙarshen akwati ba ta fito ba. Takardu uku aka soke saboda tawada ta ɓata su, sauran duk namu. Da ya zo kan partin su Laminu ya ce zero, sai wani daga taga ya ce ashe tsohon ma gari ya bi. Aka fashe da dariya. Samari suka ɗaga ni sama, Alhaji ya kira ya ce gemu ya tsira. Ni kuwa ina sama a hannunsu ina tunanin abin da zan ce wa Kawu.

Washegari da safe na kai wa Kawu kunu na tarar labari ya riga ni. Bai taɓa kunun ba. Ya ce in zauna, ya tambaye ni a ina na sa masa yatsa. Nan ne wurin farko da ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka bakina ya ce a kan na Laminu na sa, amma da ya danna hannunsa ya ɗan yi rawa, tawadar ta shafi gidan da ke kusa, ina jin tana cikin ukun nan da aka soke, na ƙi faɗa masa ne don kada ransa ya ɓaci. Sannan ya ɗaga hannun yana jujjuya shi kamar mai gani, ya ce hannun nan ya tsufa, abu ɗaya ɗansa ya taɓa roƙonsa a duniya ya kasa yi masa. Har haƙuri ya ba ni, wai ya sa ni cikin damuwa.

Bayan kwana biyu Laminu ya zo. Ashe a Dogo-Dogo an mayar da shi abin nuni, ana ce masa ɗan takarar da ko ubansa bai zaɓa ba, har a bakin lakwal ɗin da yake koyarwa. Faɗuwar ba ta dame shi ba, wannan ce ta dame shi. Bai shiga wurin Kawu ba sai da ya kama rigata ya ja ni bayan rumbu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Auta, yau ba wasa tsakaninmu. Kai ne?"

Jama'a, da na ce ni ne, me zai faru? Ya mare ni, ya zage ni, ya yi wata biyu ba ya ɗaukar kirana, a ƙarshe Kawu ya haɗa mu ya sasanta. Taubashina ne, mun saba cin zalin juna. Amma na kalli idonsa, na ga yadda zai riƙa kallona har abada, shi mai ilimi ni ɓarawon yatsan makaho, sai tsoro da girman kai suka haɗu suka rufe ni. Na ce masa ba ni ba ne. Na ce da muka shiga bayan labule Kawu ya raɗa mini cewa ba zai iya warewa daga gari ba, kunyar mai gari yake ji, in sa masa a namu, kuma kada in faɗa wa kowa. Na ce yanzu ma zai ce maka hannunsa ne ya yi rawa, haka muka shirya. Sannan na sa shi ya yi mini alkawari ba zai taɓa nuna wa Kawu cewa na faɗa masa ba. Ya saki rigata a hankali. Ya ce na gode da ka gaya mini gaskiya.

Ya shiga ɗakin, ina biye. Kawu ya kama hannunsa ya fara ba shi haƙuri, yana cewa tsufa ne, hannunsa ne ya yi rawa, daidai kalmomin da na ce zai faɗa. Laminu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Baba, da tun farko ka ce mini ba za ka iya ba, wallahi da ban ji komai ba." Kawu bai gane abin da yake nufi ba, ya ɗauka maganar hannun ce, ya ce haka ne, da ya sani da ya yi ta gwadawa a gida. Laminu ya tashi ya hau motonsa, ko ruwan gidan bai sha ba.

Daga ranar gidanmu bai sake komawa daidai ba. Kafin shekara ta zagayo Laminu ya nemi a mayar da shi Magariya, ya kwashe iyalinsa. Bai yanke zumunci ba, kada in yi masa sharri: magani yana zuwa, shinkafa tana zuwa, rigar Salla tana zuwa, amma duk ta hannuna. In ya zo da Salla zai durƙusa ya gaishe shi, ya amsa tambaya biyu uku, ya ce yana da uzuri. Da can in ya zo sai sun wuni a tabarma ɗaya yana karanta wa Kawu labarai daga salula, su yi ta gardama. Yaransa da suke hawa wuyan Kawu suna ja masa hula, ya daina kawo su. Da matarsa ta haifi namiji, duk dangi sun ɗauka sunan Kawu za a sa, sai ya sa na surukinsa. Ni aka aika in faɗa wa Kawu. Ya ce madalla, suna ne mai kyau, Allah ya raya, sannan ya juya fuskarsa bango. Kuma ku san wani abu? Dukansu biyu ni suke gode wa. Kawu ya ce in ba don Auta ba da ya lalace. Laminu ya ce in ba don ni ba da bai san halin da Baba yake ciki ba. A gari ana ba da misali da ni wajen riƙon zumunci. Foraj ɗin kuwa, Alhaji ko waiwayarmu bai yi ba bayan zaɓe, sai daga baya wasu masu aikin ruwa suka zo suka haƙa mana da garuruwan da ke kewaye, har da waɗanda ƙuri'arsu ta rabu gida uku.

Kada ku ɗauka ban yi ƙoƙarin faɗa ba. Sau nawa ina yanke wa Kawu farce, hannun yana cikin nawa, in buɗe baki in ce Kawu, ya ce na'am, in ce ko farcen ya isa haka? Sau ɗaya na hau moto takanas har Magariya don in faɗa wa Laminu, na tarar ya sa an yanka mini kaza, yaransa suna rungume ni, na ci na dawo da maganata a ciki. Na je wurin wani malami a Sassumbrum inda ba a san ni sosai ba, na ba shi labarin kamar na wani abokina ne. Ya ce abokin nan naka babu istigfarin da zai wanke shi sai ya je gaban su biyun ya faɗa, domin haƙƙin mutane ne. Na sani, malam, na sani. Matata ma ba ta san komai ba, tana dai cewa na rage surutu, wai girma ne ya zo mini.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tun bayan girbi Kawu yake kwance, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Mun kai shi wurin likitoci a Dungas, suka ba da magani suka ce a koma gida a riƙa lallaɓa shi, kada a bari ransa ya ɓaci. Makon jiya bayan azahar ya kira ni, ya sa na rufe ƙofa. Ya ce ya daɗe yana juya maganar da Laminu ya faɗa masa ranar nan, sai yanzu ya gane ta. Ya ce yaron nan ba haushin rawar hannu yake ji ba, bai yarda da shi ba ne, yana ganin da gangan ya ƙi shi kuma ya yi masa ƙarya.

"Ni makaho ne, Auta, ban ga inda yatsana ya sauka ba, shaidata ba ta da ƙarfi. Kai ka gani. Ina so ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani a gabansa, ka faɗi abin da na ce maka bayan labulen nan da inda ka sa mini hannu. Ba na so in tafi ɗana yana ɗaukata maƙaryaci."

Kuma bai jira ni ba, ya riga ya sa liman ya kira Laminu da kansa, ya ce shi ma liman ɗin ya zo ya zama shaida. Laminu ya amsa zai zo ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga kiran Laminu. Ya ce ya san Baba zai matsa mini in rufa masa asiri, amma in ji tsoron Allah kada in dafa Alƙur'ani a kan ƙarya saboda kowa. Ya ce in maimaita abin da na faɗa masa bayan rumbu, a gaban Baba, ba don ya kunyata shi ba. Shi dai so yake ya ji Baba ya amsa da bakinsa sau ɗaya, in ya amsa shi ke nan ya wuce, a ranar zai koma ya kwaso yara su zo su zauna da kakansu. Ya ce ya gaji da fushin, shi ma yana so ya sauke.

Kun ga inda na tsaya. Kowannensu yana jiran in zo in gaskata shi, kuma abin da kowannensu ya riƙe ni na ƙera masa shi. In na dafa na faɗi abin da Kawu yake so, na rantse da littafin Allah a kan ƙarya, kuma Laminu zai tashi ya ce to me ka gaya mini bayan rumbu? In na faɗi abin da Laminu yake so, na yi wa mutumin da ya raine ni ƙazafi a kan gadon ciwonsa, yana ji da kunnensa. In kuma na faɗi gaskiya, na san su biyun za su shirya a take, wannan ko shakka ba na yi, amma Kawu zai ji cewa hannun da ya yi shekara goma yana riƙewa zuwa masallaci shi ne ya raba shi da ɗansa, kuma likita ya ce kada ransa ya ɓaci. In zuciyarsa ta tsaya a wurin fa? In ce na kashe shi da gaskiya bayan na azabtar da shi da ƙarya? Kuma ba zan yi muku fuska biyu ba, ina tsoron kaina ma. A gidansa nake zaune, gonarsa nake nomawa, 'ya'yana a ɗakinsa suke wuni, liman zai ji, gari zai ji. Na yi tunanin in riga zuwa Magariya in faɗa wa Laminu shi kaɗai, mu san yadda za mu lallaɓa Kawu, amma hakan yana nufin wata sabuwar ƙaryar ce za mu shirya wa tsohon, mu biyu wannan karon. Na ma yi tunanin in tsallaka iyakar ƙasa ranar Alhamis in kashe salula, sai na tuna babu mai juya shi a shimfiɗa in ba ni ba.

Yau da safe da nake shafa masa magani a ƙafa ya tambaye ni kwana nawa ya rage Juma'a. Na ce huɗu. Ya ce alhamdu lillahi, yana roƙon Allah ya kai shi, kuma in sa a wanke masa rigarsa don kada Laminu ya same shi a hargitse. Tun da ya kwanta ban ga ya ci abinci kamar na yau ba.

Don girman Allah ku ba ni shawara, musamman malamai da waɗanda suka taɓa jinyar tsoho. In faɗa musu tare a gaban liman, ko in fara da ɗaya? In da ɗaya ne, da wa? Akwai yadda ake faɗa wa marar lafiya irin wannan magana ba ta kayar da shi ba? Juma'a za a ajiye Alƙur'ani a gabana, Kawu a dama, Laminu a hagu. Me zan yi?